Kaya Sun Tafi, Kuɗi Suna Tsare

Bahaushe ya ce hannu da hannu cinikin makaho. Makaho bai raina amanar mutane ba. Ya dai san abin da ya bar hannunsa ba shi da idon bin sawunsa. Duk wanda ya taɓa sayar da wani abu a kasuwar intanet ya ɗanɗani halin makahon nan: bai ga mai saye ba, bai san unguwarsu ba, ko sun yi karo a hanya ba zai shaida shi ba. Bambancin kawai, shi an hana shi dabarar makahon. Ƙa'idar manyan kasuwannin yanzu ita ce ya fara sakin kayansa, kuɗin kuma su kwana a hannun masu kasuwa har sai sun gamsu.

Maganar ta yi zafi a Birtaniya a farkon 2025. Ranar 1 ga Oktoba 2024 kamfanin eBay ya soke la'adar da yake karɓa daga ɗaiɗaikun mutane masu sayar da kayansu a ƙasar, ban da motoci. Aka yi ta murna, ashe da sauran rina a kaba. Ranar 4 ga Fabrairu 2025 aka ɗora wa mai saye wani kuɗi da sunan kariya, kashi 4 cikin 100 na farashin yawancin kaya da ɗan ƙari a kai, aka kuma sanar da mai sayarwa cewa ba zai taɓa kuɗinsa ba sai kwana 2 bayan an tabbatar kaya sun isa. In ya aika ta hanyar da ba ta da lambar bin sawu, sai ya jira kwana 14. Mutanen da suka shekara 20 suna sayarwa ba a taɓa kama su da ha'inci ba suka wayi gari a sahu ɗaya da wanda ya buɗe asusu jiya. Ƙorafi ya yi yawa, daga baya kamfanin ya sassauta wa tsofaffin hannu masu tarihi mai kyau, amma sabon shiga da mai sayarwa jefi-jefi suna nan inda aka ajiye su.

Ba eBay ne ya soma ba. Vinted, wanda aka kafa a birnin Vilnius na Lituweniya a 2008, da wannan tsari ya mamaye cinikin gwanjon tufafi a Turai: mai sayarwa ba ya biyan la'ada, mai saye ke biyan kuɗin kariya, kuɗi su zauna a tsare, mai saye kuma yana da kwana 2 bayan isar kaya ya ce ya yarda ko bai yarda ba. PayPal ya daɗe yana riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21. Amazon yana riƙewa sai kwana 7 bayan ranar isar kaya. A tsakiyar 2023 masu sana'ar hannu da ke sayarwa a Etsy suka yi ta kuka a Birtaniya saboda an riƙe musu kashi 75 cikin 100 na cinikinsu har kwana 45, sai da kafofin labarai da ofishin kwamishinan ƙananan sana'o'i na ƙasar suka sa baki kafin kamfanin ya rage. Kowace kasuwa da tata igiyar, tsawon ne ya bambanta.

Wanda nake magana a kansa ba ɗan kasuwa ba ne mai shago da akanta da lauya. Ɗalibi ne da ya gama karatu a Landan zai koma gida, ya sa kwamfutarsa a kasuwa. Uwa ce da 'ya'yanta suka girmi tufafinsu. Magaji ne da ke rabuwa da agogon mahaifinsa saboda kuɗin haya ya zo wuya. Irin wannan mutum abu ɗaya gare shi. Ɗan kasuwa in ciniki ɗaya cikin 100 ya lalace, sauran 99 su rufe ramin, domin tun farko ya lissafa asara cikin farashi. Mai agogo in an cuce shi sau ɗaya, an gama.

Masu kasuwa suna da dalilinsu, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Lokacin da Pierre Omidyar ya buɗe eBay a 1995, mai saye ne makahon. Shi zai sa cek a ambulan ya aika wa wanda bai sani ba, ya zauna yana addu'a. Macuta suka gano hanya: a sa hoton kayan da babu, a karɓi kuɗin mutum goma, a rufe asusu. Kasuwar da masu saye ke tsoro kuwa ba ta ci. Saboda haka duk gyaran da ya biyo baya ya karkata ne wajen kwantar da hankalin mai saye. A 2002 eBay ya sayi PayPal a kan dala biliyan 1.5. A 2008 aka hana mai sayarwa rubuta mummunar shaida a kan mai saye, alhali mai saye yana da damar rubutawa a kansa. Aka zo da alkawarin mayar da kuɗi: in kaya ba su zo ba, ko suka zo ba yadda aka siffanta su ba, za a biya ka. A 2015 kamfanonin biyu suka rabu. A 2018 eBay ya sanar cewa zai riƙa karɓar kuɗin ciniki da kansa da taimakon kamfanin Adyen na Holan, zuwa 2021 kuma aikin ya kankama ko'ina. Daga nan mai kasuwa ya zama shi ne ma'aji, shi ne alƙali, shi ne kuma mai rubuta dokar da ake shari'ar da ita.

Wanda ya yi alkawarin mayar da kuɗi dole ya tanadi inda zai ɗebo su. In mai sayarwa ya kwashe kuɗinsa ya ɓace, daga aljihun kamfani za a biya. Riƙe kuɗi shi ne maganin wannan. Ana kiran abin kariyar mai saye, kuma gaskiya ne yana kare shi, amma wanda ya fara karewa shi ne kamfanin.

Mu ma mun san ciniki tsakanin waɗanda ba su san juna ba, mun kuma san ba ya yiwuwa sai da na uku a tsakiya. A unguwar Sabo ta Ibadan, inda masani Abner Cohen ya zauna ya yi nazari a farkon shekarun 1960, falke kan kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahautan gari, mafi yawa bashi, falke kuwa bai san mahauci ko ɗaya ba. Maigida kaɗai ya sani. In mahauci ya ƙi biya ko ya karye, maigida ne zai biya falke, in ba haka ba sunansa ya ɓaci tun daga Ibadan har Kano, baƙi su sauya masauki. Abin da yake samu a cinikin ladan ɗaukar wannan kasada ne. Da wannan maigida za mu auna maigidan zamani. Shi ma yana tsakiya, shi ma yana cin la'ada. To, ranar da ciniki ya lalace, wa ke kwana da asarar?

Jinkirin kansa shi ne ƙaramin ciwon, ko da yake shi aka fi kuka da shi. Wanda ya sayar don ya biya haya ranar Juma'a ya san nauyin kwana 14. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne agogon jiran ba a hannun mai saye yake ba, ba kuma a hannun mai sayarwa ba. A hannun ɗan aike yake. In ya ajiye kaya a ƙofa ya manta bai ɗora na'urarsa a kan lambar ba, a idon kwamfutar kasuwa kayan ba su isa ba. Mai saye yana sanye da rigar a wurin biki, mai sayarwa yana duba waya. In kuwa kayan suka ɓace a hanya, za a mayar wa mai saye kuɗinsa daga waɗanda aka riƙe, mai sayarwa ya je ya nemi diyya wurin kamfanin aike. Aikawa ta yau da kullum a gidan wayar Birtaniya diyyarta ba ta wuce fam 20, ko da abin da ke cikin kwalin na fam 300 ne. Sai in da takardar aike ta kasuwar kanta aka tura, nan kasuwar kan ɗauki nauyi gwargwadon ƙa'idarta.

Babban ramin yana cikin magana ɗaya: ba haka aka siffanta ba. A eBay mai saye yana da kwana 30 bayan karɓar kaya ya faɗi wannan magana. Da ya faɗa, an tsare kuɗin, mai sayarwa yana da ranakun aiki 3 ya amsa. Ko da ya rubuta ƙarara cewa kayansa ba a dawo da su, dole ya karɓa, kuma shi zai biya kuɗin dawowar. Har nan babu wanda zai ce an yi zalunci, domin wanda aka sayar wa fasasshiyar waya da sunan sabuwa yana da haƙƙi. Amma dubi abin da ke iya biyo baya. Kwali ya dawo, lambar bin sawu ta nuna ya isa, kwamfuta ta ce magana ta ƙare, a mayar da kuɗi. Mai sayarwa ya buɗe kwali ya tarar da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi irin tasa, ko tasa ce amma an cire mata wani abu a ciki, ko ma babu komai sai takardu. Lambar bin sawu shaida ce cewa kwali ya yi tafiya. Ba ta taɓa leƙa cikinsa ba.

A gaban alƙali, kowa ya san mai da'awa ke kawo hujja. A nan an juya abin: da'awa kaɗai ta isa a tsare kuɗi, wanda ake tuhuma shi zai nemo hujjar wanke kansa, a gaban ma'aikacin da bai ga kayan ba, bai ga ko ɗaya daga cikin mutanen biyu ba, wani lokaci ma ba mutum ba ne, na'ura ce. Akwai ɗaukaka ƙara, kuma akwai masu yin nasara, musamman wanda ya adana hotuna da lambar jikin kayansa. Yawancin masu saye ma mutanen kirki ne, ba sa neman abin kowa. Sai dai tsarin da ya rataya a kan kirkin mutane, bata-gari ɗaya ya isa ya gwada shi a kanka.

Ba kuwa don abin ya gagara ba ne. Tun 2020 eBay ya soma bi da agoguna masu tsada da wasu takalman wasanni ta hannun ƙwararru, su duba kafin a miƙa wa mai saye, su kuma duba in an dawo da su. Inda kuɗi ke da yawa an samu ido na uku. Mai sayar da wayar fam 200 bai kai a saya masa ido ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai murnar soke la'ada ya yi. Yanzu da ba ya biyan komai, mai saye ne ke biya. Mai saye zai dawo gobe da jibi, mai agogo kuwa wataƙila ba zai sake sayar da komai ba sai baɗi. Dillali, ko a Kurmi ko a intanet, ya san hannun da la'adarsa ke fitowa.

Da a ce ranar da aka saki kuɗi magana ta mutu, da sai in ce jiran ya biya kuɗin sabulu. Haka ajiya ta gaskiya take: a riƙe, a duba, a saki, kowa ya kama gabansa. Amma a nan sakin kuɗi ba ya rufe ƙofa. Wanda ya biya da katin banki yana iya zuwa bankinsa ya ce bai san da cinikin ba, ko kaya ba su zo ba, kuma ƙa'idar manyan kamfanonin kati, Visa da Mastercard, takan ba shi wajen kwana 120. Wanda ya biya ta PayPal yana da kwana 180. A shari'ar kati bankin mai saye ne alƙali, kasuwa ɗan saƙo ce kawai. In hukunci ya faɗa kan mai sayarwa, za a cire kuɗin daga cinikinsa na gaba, in babu a shiga asusunsa na banki ko katinsa, domin ya riga ya ba da izini a cikin doguwar yarjejeniyar da ya danna ya amince bai karanta ba. A Amurka eBay yana ƙara masa tarar dala 20 a kai. Akwai kariya ga wanda ya aika zuwa adireshin da ke kan oda kuma yana da shaidar isa, amma in kayan sun kai dala 750 sai da sa hannun mai karɓa. Mutum nawa ne cikin masu sayarwa sau ɗaya a shekara suka san da wannan kafin ta same su? Kuɗin da aka ci aka sha tun watan Rajab, sai ga bashinsu bayan Sallah.

Duk wannan a kan ciniki guda ne. Mafi muni shi ne a rufe asusun gaba ɗaya. Kamfanonin da ke riƙe kuɗin jama'a doka ta ɗora musu sanin abokan hulɗarsu da sa ido kan halasta kuɗin haram, kuma na'ura ce ke gadin. Abin da ke tayar da ita ba lallai laifi ba ne: wanda ya saba sayar da littattafan fam 5 ya sa agogon fam 2,000, ko ya shiga asusunsa daga wata ƙasa, ko ya sauya banki. PayPal yana iya riƙe kuɗin asusun da ya taƙaita har kwana 180. In ka tambayi dalili, sau da yawa amsar da za ka samu ita ce an duba an yanke, hukunci ba ya sauyawa. Wani ɓangare na shirun doka ce ta jawo shi: a Birtaniya, dokar dukiyar laifi ta 2002 ta haramta sanar da mutum cewa an kai rahotonsa. Amma labulen da aka yi don ɓoye bincike yana ɓoye kuskure ma. A Janairun 2022 wasu masu asusu suka kai PayPal kotun tarayya a Kalifoniya suna zargin ya tsare musu kuɗi ba bayani, daga baya ya kwashe, yana dogaro da sharaɗin da ya ba shi damar cire dala 2,500 a kan kowane saɓa ƙa'ida.

A nan ne namu na ƙasashen waje suka fi shiga tsaka mai wuya. Duk wanda ya sha wahalar daidaita sunansa tsakanin katin ɗan ƙasa da lambar banki ya san labarin: fasfo ya ce Muhammad, banki ya ce Mohammed, takardar makaranta ta ce Muhammadu, ga sunan gari da wani ya mayar sunan mahaifi. Ma'aikacin banki a Kano zai gane mutum ɗaya ne. Na'urar da ke Turai mutum uku take gani. Ɗalibin nan kuma da ya sayar da kwamfutarsa mako guda kafin jirginsa ya tashi, in aka tsare kuɗin, lambar sirrin da za a tura masa layin wayar da ya mutu za ta je, asusun bankin da za a zuba kuɗin kuma ya rufe shi. Daga 2023 a Tarayyar Turai, daga 2024 a Birtaniya, an ƙara wani mataki: kasuwa za ta kai wa hukumar haraji bayanin duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya haura yuro 2,000 a shekara. Ba sabon haraji ba ne, amma a dokar Turai wanda aka nemi bayanansa aka tuna masa sau biyu bai bayar ba, ana rufe asusunsa ko a tsare kuɗinsa.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: kuɗin da aka riƙe, ina suke kwana? Lambar da kake gani a manhaja ba ajiyar banki ba ce. A Birtaniya asusun da ke biyan diyya in banki ya rushe bai rufe kuɗin da ke hannun irin waɗannan kamfanoni ba. Abin da doka ta ce shi ne su ware kuɗin jama'a daban da nasu. In sun ware, madalla. A Yunin 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya amsa cewa yuro biliyan 1.9 da ke cikin littafinsa da alama babu su. Ranar 26 ga watan hukumar kula da harkar kuɗi ta Birtaniya ta dakatar da reshensa na ƙasar, sai katunan wasu kamfanoni da suka jingina da shi, har da Payoneer da masu aiki ta intanet a ƙasashe da dama ke karɓar ladansu da shi, suka daskare. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe. An sha da ƙyar.

'Yan Koriya ta Kudu ba su sha ba. Kasuwannin TMON da WeMakePrice, mallakar kamfanin Qoo10 mai hedikwata a Singafo, sun saba riƙe kuɗin masu sayarwa har wajen wata biyu. A Fabrairun 2024 Qoo10 ya ƙulla yarjejeniyar sayen kasuwar Wish ta Amurka a kan dala miliyan 173. A Yuli kasuwannin biyu suka kasa biyan masu sayarwa, ƙarshen watan suka nemi kotu ta ba su kariya daga masu bin su bashi. Shugaban kamfanin, Ku Young-bae, ya amsa a gaban majalisar dokoki cewa an taɓa kuɗin cinikin mutane wajen sayen Wish, ko da yake ya ce an mayar. Gwamnati ta ƙiyasta abin da ya maƙale kusan won tiriliyan 1.3, wajen dala biliyan 1, na dubun-dubatar masu sayarwa. Yawancinsu 'yan kasuwa ne, amma darasin na kowa ne. An ba kura ajiyar nama, aka kuma ce ta riƙe wata biyu.

Ko inda babu cin amana, kuɗin da ke kwance suna haihuwa. A Agustan 2023, daidai lokacin rigimar Etsy, babban bankin Ingila ya kai kuɗin ruwa kashi 5.25 cikin 100. Fam 50 na mutum ɗaya na kwana 14 ba komai ba ne. Na mutum miliyoyi kullum dukiya ce. PayPal da kansa yana lissafa ruwan da kuɗin abokan hulɗa ke samarwa cikin kuɗin shigarsa. Mai bin addini ba zai nemi kason ruwa ba, amma yana da kyau ya san cewa jiransa ba kowa yake yi wa ciwo ba.

Wani sharri kuma ya tsiro a gefe. Tunda mutane sun saba da jin an riƙe kuɗi, 'yan damfara sun samu yare. Ka sa kaya a Facebook, wani ya ce ya biya, sai ga saƙo mai tambarin sanannen kamfani: an karɓi kuɗinka, suna tsare, ka aika kaya ka turo lambar bin sawu a sakar maka. Ko a turo maka mahaɗi a ce ka shigar da lambobin katinka don karɓar kuɗi. Babu kuɗi, babu kamfani. Shekaru 20 baya mai hankali zai yi dariya. Yau saƙon ƙarya da na gaskiya kusan kalma ɗaya suke faɗa. Ɗan uwan alat na bogi ne da ya addabi masu shaguna a garuruwanmu, ya dai sa kwat.

Doka fa? Abin mamaki, a Birtaniya doka ba ta nemi abu mai yawa daga mai sayar da kayansa ba: kayan su zama nasa, su kuma dace da yadda ya siffanta su. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 'yan kasuwa ta ɗaure. Ƙa'idojin kasuwa ne suka ɗora masa nauyi irin na mai shago. A ɗaya gefen kuma, dokar Tarayyar Turai ta 2019 da ta tilasta wa kasuwannin intanet ba da dalili da wa'adin kwana 30 kafin korar mai sayarwa, 'yan kasuwa ta ambata. Wajen nauyi an lissafa shi ɗan kasuwa, wajen gata an tuna ba shi ba ne. Ba a ce ba shi da ƙofa ko ɗaya ba. A Birtaniya akwai ofishin sasanta rikicin kuɗi da ke sauraren ƙorafi a kan kamfanonin biyan kuɗi kyauta, akwai kotun ƙananan ƙararraki. Amma wa zai yi wata shida yana bin fam 80?

Ni ban ga laifin riƙe kuɗi a kan kansa ba. A nan gida, inda cinikin intanet da yawa ke gudana a WhatsApp da Instagram da Jiji ba tare da kowa a tsakiya ba, mun san kuɗin rashinsa: mai saye yana tsoron ya tura a toshe layinsa, mai sayarwa yana tsoron ya ba direba kaya a tasha a ce ba su iso ba. Na uku mai amana alheri ne, kuma duk kasuwar da ta girma za ta neme shi. Laifin da na gani shi ne wanda ke tsakiya ya karɓi ladan ɗaukar kasada, kasadar kuma ya sauke ta a kan mafi rauni. In ana karɓar kuɗin kariya a kan kowane ciniki, to ranar da maganar mutum biyu ta saɓa kuma babu hujjar da ta rinjaya, daga wannan kuɗin ya kamata a biya, ba daga na mai agogo ba. In an riƙe an saki, a bar shi sakakke. Kuɗin mutane su kwana a asusun da mai kasuwa ba zai iya taɓawa ba, kuma wanda aka tsare wa dukiya ya samu ɗan Adam da zai yi magana da shi. Maigidan Sabo bai yi karatun boko ba, amma da waɗannan ya riƙe baƙinsa.

Kafin masu kasuwa su kai nan, mai karatu, kariyarka tana hannunka. Kafin ka sa kaya, nemi sanin ranar da za a sakar maka kuɗi, da ranar ƙarshe da za a iya janye su, domin ba rana ɗaya ba ce. Daidaita sunanka da na banki tun kafin ciniki ya faɗa. Ɗauki hoton kayan ta kowace fuska da lambar jikinsu, ɗauki bidiyon naɗe su, ajiye rasit mai nuna nauyin kwali. Kada ka bi mai saye zuwa wajen manhaja komai daɗin bakinsa, kada kuma ka yarda da saƙon da ya ce an biya sai ka shiga asusunka da hannunka ka gani. Kuɗi na sauka ka kwashe, manhaja ba banki ba ce. In tafiya za ka yi, ka sayar da sauran lokaci, kada ka rufe asusu ko ka yar da layi sai komai ya lafa. Abin da kuma ka san asararsa za ta karya ka, irin agogon nan na mahaifinka, ka kai shi inda za ka ga fuskar mai saye, a wuri mai jama'a, ka tabbatar kuɗin sun shiga kafin ka kwance shi daga hannunka.